Buhu a kaka, awon wata ko cefanen kullum: wanne ya fi wa magidanci sauƙi a Garwa da Marwa?

A Turai da Amurka, mai neman rage kuɗin cefane yakan tara 'yan takardun rangwame da manyan kantuna ke rabawa, in ya je biya ya miƙa a sauke masa wani abu. Kasuwarmu a arewacin Kamaru ba haka take ba. Abin da ke shiga tukunya a Garwa ko Marwa daga hannun mai awo yake fitowa, ko mai tebur, ko mai shagon unguwa, kuma rangwamen da muka sani shi ne ciniki da gyara. Wanda ya iya baki zai ceci dala biyar nan, dala goma can, amma babban kuɗin yana wurin lokacin da aka yi sayen, da yawan abin da aka saya a tashi ɗaya. Kowane gida kuwa ɗaya daga hanyoyi uku yake bi: ko ya sari buhuna a kaka ya ajiye, ko ya yi awon wata in albashi ya shigo, ko maigida ya riƙa ajiye kuɗin cefane kowace safiya kafin ya fita.

Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, da shekara ta zagayo ta mayar da ita 840. A tsakanin nan Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, sai fetur ɗin bakin titi da masu babura suka dogara da shi, shi ma ya tashi. Duk buhun da ya baro ƙauye da kuɗin mota a kansa yake isowa. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani da ba na noma ba kuwa sefa 60,000 aka yanka a 2023, kuma magidanta da yawa ko albashin ma ba su da shi, sai abin da rana ta bayar.

Kafin a auna hanyoyin nan sai an san yadda shekarar hatsi take juyawa, domin kakarmu ba ɗaya ba ce. A yankin Binuwai, inda Garwa take, masara da gyaɗa da wake suna kwararowa kasuwa daga Oktoba zuwa Disamba, kuma a lokacin manomi a matse yake: ga bashin taki, ga sauran kuɗin makaranta, ga hidimar ƙarshen shekara. Dole ya sayar, farashi ya faɗi. Kasuwanni irin su Ngong a kudu da Garwa, da Pitowa mai ci ranar Lahadi, sukan cika maƙil. A jihar Arewa Mai Nisa kuma, inda Marwa take, akwai kaka ta biyu, ta masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka bayan ɗaukewar ruwa wajen Satumba da Oktoba, a girbe ta Janairu zuwa Fabrairu. Saboda haka mutumin Marwa da ya yi gaggawar cika ɗaki da jar dawa a Nuwamba yana iya ganin kasuwa ta sake saukowa a Fabrairu, ga shi masakwa ta fi daɗin tuwo. Daga Afrilu farashi zai fara hawa, ya kai ƙarshen tsadarsa tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ruwa kuma ya ɓata hanyoyin ƙauye.

To, nawa ce ainihin ribar sayen buhu a kaka? Mutane sukan ɗauki farashin Nuwamba su kwatanta da na Agusta, su ce sun ceci kusan rabin kuɗi. Lissafin ya zarce, domin mai saye wata-wata ba kowane wata yake biyan farashin Agusta ba. Bari mu ƙaddara misali, kowa ya cire alƙaluman ya sa na kasuwarsa. Gida ne mai cin kilo 3 na hatsi a rana, kusan buhu ɗaya mai kilo 100 ke nan a wata. Maigidan yana son ya rufe watanni shida na tsada, Afrilu zuwa Satumba. A ce buhu sefa 18,000 ne a kaka, ya yi ta hawa har 28,000 a Agusta. Wanda ya bi kasuwa wata-wata zai biya wajen 24,000 a kowane buhu in an daidaita, jimla 144,000. Wanda ya sara a kaka 108,000 ya biya. Tazarar 36,000 ce. A cire kuɗin mota da na dako, a ce 1,000 a buhu, a cire na buhun ajiya mai kyau, a ce 1,500, abin da ya rage 21,000. Kusan buhu guda ke nan mutum ya ci kyauta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne watan Satumba. A farkonsa makarantu ke buɗewa, da kuɗin rajista da littattafai da kayan sawa. A cikinsa zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. A cikinsa kuma hatsi yake kan tsadarsa. Abubuwa uku a kan aljihu ɗaya. Gidan da ke da buhuna biyu a ɗaki ya riga ya sauke ɗaya daga cikinsu tun watanni tara baya, kuɗin da ya shigo sai ya tafi makaranta da asibiti. Na ga magidanta da wannan kaɗai ya raba su da sayar da akuya ko cin bashi a damina, kuma ba na jin akwai alƙalamin da zai iya lissafa kwanciyar hankalin.

Sai dai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sefa 108,000 a tashi ɗaya ba kowa ke da ita ba, kuma wanda ke da ita ma ya kamata ya tambayi kansa aikin da take yi a hannunsa. Ma'aikacin da kuɗinsa ke kwance a waya ko a banki, babu abin da zai rasa in ya mai da su masara. Mai sana'a fa? Matar da ke tuyar ƙosai, ko mai sayar da atamfa, ko mai shagon kayan babur, jarinsu juyawa yake yi. In dubu ɗari tana kawo masa ko da dubu uku ne a wata, cikin watannin da hatsin zai yi a ajiye ta riga ta kawo abin da ya kai waccan ribar. Irin wannan mutum kada ya taɓa uwar kuɗi, ya sayi buhu ɗaya ko biyu daga riba ya tsaya nan. Wanda kuma zai ciwo bashi mai ruwa don ya sari hatsi, ban da haramcin riba, ruwan bashin zai cinye tazarar tun hatsin bai kai damina ba.

Kuma ba kowace shekara farashi ke hawa yadda aka zata ba. In damina ta yi kyau a ko'ina, ko 'yan sari daga ƙetaren iyaka ba su shigo ba, kasuwa takan tsaya cak. Maƙwabtanmu a Najeriya sun ga haka a 2025, lokacin da masara ta faɗi ƙasa da yadda masu ajiya suka saye ta. Akwai kuma shekarar da akasin haka ke faruwa, kamar 2024 da ambaliya ta cinye gonaki a Mayo-Danay da Logone da Shari. Mai ajiya don ci ba ya asara sosai ko ta wane gefe, tun da abincinsa ne zai ci. Wanda ke shiga uku shi ne wanda ya sari fiye da bukatar gidansa da niyyar sayarwa.

Inda hanyar buhu ta fi kayar da mutane shi ne ajiya, kuma a nan nake so mu daɗe. Hatsin farkon kaka araha gare shi saboda bai gama bushewa ba: ruwa kake saye da kuɗin masara, in ya bushe buhun ya rage nauyi, in ka ɗaure shi haka ya yi fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa ba ɗanɗano kaɗai take ɓatawa ba, tana haifar da gubar da ake kira afalatoksin, mai illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tsofaffin masu awo da haƙori suke gwadawa. Za ka ga mutum ya tura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba, ya ɗebo ƙwaya biyu ya ciza. In ta fashe ƙaras ta bushe, in haƙori ya nutse a ciki da saura. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Kuma duk buhun da za a saya a juye shi a wani buhun a gaban mai shi, domin abin da ke sama ba kullum yake zama abin da ke ƙasa ba, wani lokaci tsakuwa da dusa suna can gindi.

Bayan danshi sai ƙwari, musamman a wake. Buhun wake da aka jingina haka kawai a ɗaki, kafin watanni kaɗan ya zama ramuka da gari. Maganin wannan kuwa a ƙasarmu aka fara gano shi. A ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa suka yi aiki a kan ajiyar wake ba tare da magani ba, kuma daga aikin nan aka samo buhun nan mai rufi uku da aka yaɗa a Afirka da sunan PICS tun daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen hatsi, a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka daban, sannan a ɗaure na waje. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ɗan iskan da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba: wanda ake ci daban, na ajiya daban. Tsabtatacciyar jarka ko ganga mai murfi tana yin aikin in an cika ta har baki, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a cikinta ba. In an kula da buhun, ana sake amfani da shi wata shekarar, kuɗinsa ya ragu a lissafi.

Ina roƙon magidanta su guji ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu. Iskar guba take fitarwa, an yi ta ne don manyan rumbuna a hannun waɗanda suka san aikinta, ba don ɗakin da yara ke kwana ko kusa da shi ba. Haka ma barbaɗa wa wake maganin auduga. Babu arahar da ta kai a sa iyali cikin wannan haɗari. Sauran kuwa sananne ne: a ɗora buhuna kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a toshe ramin ɓera, a duba rufin ɗaki kafin ruwan farko. Mai haya a ɗaki ɗaya da falo wanda ba shi da inda zai yi wannan, hanyar buhu shida ba tasa ba ce, ko da kuɗin na hannu.

Akwai wata ɓarakar da ba a cika faɗa ba. In buhu yana ɗaki, hannu yakan saki. Gidan da ke auna tasa biyu lokacin da ake sayowa kullum, sai ya koma biyu da rabi, tuwo ya kwana, a zuba wa kaji. Buhun wata guda ya ƙare a kwana ashirin da 'yan kai, ribar kaka ta bi ruwa ba wanda ya lura. Maganinsa ma'auni ɗaya tak da kowa ya sani, da mutum ɗaya mai riƙe mabuɗi, yawanci uwargida. A gidan da mata ke karɓar girki, a yi maganar a fili tun ranar da buhunan suka shigo, don kada ta zama abin zargi daga baya. 'Yan uwa da maƙwabta kuma za su aiko, kuma daidai ne su aiko, ba a san mu da rufe ƙofa ba. Abin da ya fi shi ne a ware rabon kyauta tun farko, rabin buhu ko abin da ya sawwaƙa, a san na Allah ne, a bayar da daɗin rai.

Wasu sukan ji tsoron kada ajiyar ta zama ɓoye abinci da addini ya hana. Malamai sun bambance su. Abin da aka hana shi ne a kwashe abinci daga kasuwa lokacin da mutane ke bukata, a riƙe har ya yi tsada. Tanadin iyali kuwa ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Mai sayen buhu shida a kaka, lokacin da kasuwa ke ambaliya da hatsi, bai ƙuntata wa kowa ba.

Duk wannan magana ta hatsi ce da wake da gyaɗa, abubuwan da farashinsu ke bin kaka. Shinkafar waje, sukari, fulawa, taliya, man girki, sabulu da dunƙulen ɗanɗano ba ruwansu da Nuwamba. Farashinsu yana bin tashar jirgin ruwa ta Duwala, da kuɗin jirgin ƙasa zuwa Ngaundere da na tirela daga can, da darajar naira ga kayan da ke shigowa ta Mubi ko Yola. Tun da naira ta karye a 2023 kayan Najeriya da yawa suka yi sauƙi ga mai sefa a hannu, kuma wannan abu ne da ke iya juyawa ko yaushe. Tara irin waɗannan na wata shida ɗaure kuɗi ne kawai, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce maki 40 a Garwa, mai ya canza wari, fulawa ta yi ƙwari. A nan awon wata ya fi kowace hanya: ƙaramin buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya ko sabulu, daga hannun ɗan sari a babbar kasuwa, ba shagon unguwa ba. In katan ya fi ƙarfin gida ɗaya, maƙwabta biyu su raba.

Shinkafar gida tana tsakiya. Ta SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, daga Yagwa da Maga, da wadda ake nomawa a ƙasan madatsar Lagdo, suna da lokacin girbinsu, kuma suna sauka a lokacin, sai dai a shirya wa tsintar tsakuwa in ba a sami mai tsabta ba. Man auduga na Diamaor da kamfanin SODECOTON ke tacewa a nan yankinmu, da man gyaɗar da mata ke matsewa, ya kamata a riƙa kwatanta su da man da ke zuwa daga kudancin ƙasar lita da lita, domin girman kwalba yana ruɗar ido. Ga mai gyaɗa a ajiye kuwa, kai ta inji a matse yana ba da mai da ƙuli-ƙuli a kuɗi ɗaya.

Mai awon wata ya sa kunne ga abubuwa biyu. Na farko shi ne sauƙin da hukumomin gwamnati ke kawowa. Hukumar hatsi ta Office Céréalier, mai hedkwata a Garwa tun 1975, aikinta saye a kaka da fitarwa a lokacin tsada. Hukumar MIRAP da aka kafa a 2011 don daidaita samar da kayan masarufi, da ma'aikatar ciniki, sukan shirya kasuwannin rangwame lokaci-lokaci, musamman gab da bukukuwa. In an dace ana samun sauƙi, amma kayan ba sa isar kowa, don haka ba a gina lissafin gida a kansu. Na biyu shi ne azumi: sukari da mai da gero sukan tashi in ya matso, wanda ya saya da sauran makonni ya huta. Matsalar awon wata ɗaya ce da ta buhu, a ƙaramin sikeli: makon farko a yi ta suya, makon ƙarshe a koma shago da littafi. Wasu matan sukan raba man wata a kwalabe huɗu tun ranar farko, kowace kwalba da makonta. Ban ga dabarar da ta fi wannan sauƙi ba.

Sai cefanen kullum, wanda masu albashi suka cika rainawa. Ga mai babur, da birkila, da mai dako, ba zaɓi ba ne, yadda kuɗi ke shigowa ke nan. Kuma yana da nasa alheri: ba ƙwari, ba ɓera, ba kuɗin da aka ɗaure, abin da aka sayo shi za a dafa. Ga ɗanyen tumatir, attaruhu, yakuwa, tafasa, lalo, ɗanyen kifin Lagdo ko na Logone, babu ma wata hanya, tun da wutar lantarki ba ta da tabbacin da za a dogara da firji. Mai cefanen yamma yakan sami ganye da tumatir a sauke, domin mai tebur ba ta son su kwana. A nan ne kuma sabo yake biya. Wata dattijuwa da na sani a unguwarmu wurin mutum ɗaya take awo shekara da shekaru. In ya cika tasa zai tare gefe da tafin hannu har ta yi tozo, sannan ya juye.

"Malam, ina gyarana?"

"Hajiya, ai na riga na sa."

"Wancan na tasa ne. Sa na jikoki."

Sai ya yi murmushi ya ƙara hannu guda. Hannu guda kullum, a wata ya zama awo.

Amma tsadar ƙaramin ma'auni gaskiya ce, kuma talaka ne ke biyanta. Uwargida ta gwada da kanta: ta sayi man dala ashirin, wato sefa 100, ta zuba a kwalbar lita, ta sa alama, ta ƙirga sau nawa zai cika ta. In sau ashirin ne, litar ta tsaya mata sefa 2,000, ko da a kasuwa 1,500 ake sayar da ita. Haka ƙullin sukari, haka ƙullin gishiri, haka garin sabulu. Mai shago ba zalunci ya yi ba, ya sayi leda, ya ɓata lokaci, ya jira. Sai a haɗa da kuɗin babur zuwa kasuwa da dawowa in gidan na nesa, da canjin da ke maƙalewa a hannun ɗan aike. Ko tura kuɗin cefane ta Orange Money ko MTN kullum yana da caji, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da aka sa tun Janairun 2022. Tura na mako a tashi ɗaya ya fi.

Littafin bashi na mai shago shi ne ƙarshen wannan hanya. Ba zan zage shi ba, ya rufa wa gidaje da yawa asiri a daren da babu. Amma mai littafi ba ya ciniki, ba ya neman gyara, ba ya zuwa wani shagon ko da ya fi araha, kuma yara sun san ana rubutawa, sai biskit da alewa su shige ciki. In albashi ya zo ya wuce kai tsaye wurin mai shago, wata ya fara da babu. Wanda ke ciki ya yi ƙoƙari ya taƙaita littafin ga abubuwa biyu ko uku, ya hana a ba yaro komai sai da izini, ya riƙa rage tsohon bashi kaɗan-kaɗan har ya kai ga sayen ko da mai da sukari da kuɗi a hannu.

Kayan miya suna da tasu kakar, kuma iyayenmu mata sun riga mu sani. In tumatir ya yi yawa a rani a yanka a shanya kauɗa, haka kuɓewa, barkono, kuka da zogale, a adana a abin da iska ba ta shiga. Jarin wannan bai kai na buhu ba, rana kuwa kyauta ce, ga shi a damina yana rage kuɗin miya sosai. Albasa ce mai wuyar sha'ani. Ta gonakin kewayen Marwa takan yi arha sosai a lokacin cirarta, ta yi tsada ninki-ba-ninki daga damina zuwa ƙarshen shekara, sai mutum ya yi kwaɗayin buhu. Amma tana rage nauyi, tana ruɓewa, tana tsiro. In ba a da rumfa mai iska da za a baza ta a riƙa tsincewa, gara a sayi kwando, a yanka wani kaso a shanya.

Idan aka ɗora hanyoyin nan a kan gidaje, ga yadda nake gani. Ma'aikaci mai albashi da ɗakin ajiya ya haɗa ukun: hatsi da wake a kaka, kayan kanti a wata, kayan miya kullum. Ɗan kasuwa ya bar jarinsa ya yi aiki, ya sayi na watanni biyu ko uku mafi tsada kawai. Mai ɗaki ɗaya ya tsaya a awon wata da jarkar wake guda. Wanda na fi damuwa da shi shi ne mai samun kullum, domin shi ya fi kowa biyan tsada, shi kuma ya fi kowa rashin hanyar kauce mata shi kaɗai.

Shi mafitarsa haɗa kai. Mun san watanda: mutane su tara kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa, kowa ya sami nama ƙasa da farashin mahauta. Ba abin da ya hana a yi wa masara da wake haka. Mutum goma masu zuba sefa 500 kullum suna tara 5,000 a rana, 150,000 a wata. Maimakon kowa ya kwashi adashinsa a watan da ya faɗo masa, sai a amince kwasar Nuwamba da Disamba ta hatsi ce ta kowa da kowa. Biyu daga ciki su je kasuwar ƙauye, mota ɗaya, dako ɗaya, kuɗin hanya ya rabu goma. A misalinmu na baya, zubin wata biyu zai sayo buhu goma sha biyar har da kuɗin mota, kowa ya tashi da buhu ɗaya da rabi. Ba zai kai shi shekara ba, amma in ya ɗaure shi bai buɗe ba sai Agusta, ya tsallake makonni shida mafi tsada. Waɗanda za a aika su zama waɗanda suka san hatsi, a rubuta abin da kowa ya zuba, a yi rabon ranar da kayan suka iso a gaban kowa, da tasa ɗaya, mutum ɗaya yana aunawa. Wanda ba shi da wurin ajiya ya rubuta sunansa a jikin buhunsa, a bar shi a gidan wanda aka yarda da amanarsa.